Darasin Juma'a: Mu Koya wa Samarinmu Aikin Gayya

Jama'a, a Arewa da aikin gayya muka tashi: noma, yaɓen ɗaki, haƙar kabari, ba mai tambayar nawa za a ba shi. To, yaranmu da aka haifa nan Agege fa, wa zai koya musu?

Usama bin Zaid bai wuce shekara 20 ba Manzon Allah (SAW) ya ɗora shi kan runduna. Kada mu ce namu sun yi ƙanƙanta.

Damina ta kama, kwatoci sun toshe, sauro sai ƙaruwa yake. Ranar Asabar bayan Asuba a turo su da shebur da tsintsiya, mu yashe kwatar layin masallaci tare da maƙwabtanmu Yarbawa. Yaron da muka bari ba aiki, 'yan tasha za su samo masa.

Allah Ya shirya mana zuri'a.