Gargaɗin Ambaliya Bai Kamata Ya Jira Wasiƙar Jakada Ba

Duk shekara idan Agusta ta raba tsakiya, tambayar da aka fi yi mana, mu masu aikin lura da koguna, ita ce ko Kamaru ta saki ruwan madatsar Lagdo. Masu tambayar suna da hujja. A ambaliyar 2012 hukumar NEMA ta ƙidaya mutum 363 da suka rasu, fiye da miliyan 2 kuma suka bar gidajensu. A ta 2022 mamatan sun haura 600. Duk a shekarun biyu an buɗe ƙofofin madatsar nan da ke kan kogin Binuwai kusa da Garwa. Sai dai aikin ya nuna mana cewa hana maƙwabciya sakin ruwa ba abu ne mai yiwuwa ba. Abin da ke ceton rai shi ne labarin ruwan ya riga ruwan isowa, kuma wannan shi ne mafi arha a cikin duk wani haɗin kai tsakanin ƙasashe.

Madatsa idan ta cika, ko dai a rage mata ruwa da hannu ko ta rage wa kanta ta hanyar ɓallewa, kuma mutanen Maiduguri sun ga abin da na biyun ke nufi lokacin da dam ɗin Alau ya fashe a Satumban 2024. Abin da injiniyan da ke ƙasa yake buƙata daga na sama bai fi amsa huɗu ba: yaushe za a buɗe, ƙofa nawa, ruwa nawa a kowace daƙiƙa, har tsawon kwana nawa. Da wannan zai haɗa abin da Faro da Gongola da Taraba da Donga da Katsina-Ala ke zubawa, ya lissafa ranar da ruwan zai cika a Numan, da Makurɗi, da Lakwaja. Waɗannan koguna duk a ƙasa da Lagdo suke shiga Binuwai, babu ƙofar Kamaru da ke tare su. Shi ya sa ministan albarkatun ruwa na lokacin, Sulaiman Adamu, ya ce a 2022 kason Lagdo a ambaliyar ɗan kaɗan ne, mafi yawa ruwan sama ne da ya sauka a cikin gida. Wasu za su ce da Nijeriya ta gina dam ɗin Dasin Hausa a Adamawa tun bayan kammala Lagdo a 1982, da ba a yi wannan magana ba. Da ya rage wani abu, gaskiya ne. Amma ba zai tare kogunan Taraba da jihar Binuwai ba, kuma shi kansa da bayanin Kamaru zai riƙa aiki.

Wani abin da masu zargin Kamaru ke mantawa shi ne, mu ma a saman wasu muke. Ruwan Tiga da na Challawa a jihar Kano yana bin kogin Haɗeja ya shiga Komadugu Yobe, wanda ke raba Nijeriya da Nijar a ƙarshen tafiyarsa, kuma idan ya cika gonakin tattasai da shinkafa na Difa yake shanyewa. Gulbin Maraɗi daga ƙasar Katsina yake tasowa, ya ratsa dam ɗin Jibiya, ya shiga Nijar, sannan ya komo ƙasar Sakkwato ya haɗu da Rima. A kogin Kwara kuwa lissafin ya juya: ma'aunin Yamai ne ke faɗa wa masu tafiyar da dam ɗin Kainji abin da ke tafe. Duk abin da muke neman Garwa ta yi mana, Difa da Maraɗi na da haƙƙin nemansa daga Kano da Katsina.

Hukumomin da za su yi wannan aiki ba ƙirƙirar su za a yi ba. Hukumar Tafkin Chadi tana nan a Njamena tun 1964, hukumar haɗin gwiwar Nijeriya da Nijar tun 1971, cibiyar AGRHYMET a Yamai tun 1974, Hukumar Kogin Kwara mai ƙasashe tara tun 1980. Matsalar tana kan hanyar da labari ke bi. A Agustan 2023 sanarwar sakin ruwan Lagdo ta fito daga ofishin jakadancin Kamaru zuwa ma'aikatar harkokin waje a Abuja, daga nan aka rubuta wa NEMA, kafin maganar ta kai jihohi. Kowane tebur yana cin lokacinsa, shi kuwa ruwa ba ya tsayawa sa hannu. Hanyar jakadanci kuma takan toshe idan siyasa ta ɓaci, kamar yadda aka gani bayan juyin mulkin Yulin 2023 a Nijar, aka rufe iyaka wata da watanni, har ta kai Nijar ta fice daga ECOWAS. Akwai masu cewa bayanin madatsa sirrin tsaro ne, ƙasa ba ta miƙa shi ga wadda ba sa ga maciji da ita. Na fahimci fargabar, amma tsayin ruwa a tafki tauraron ɗan'adam yana ganinsa, ba a ɓoye yake ba. Abin da tauraro ba ya gani shi ne shawarar mai buɗe ƙofa, kuma ita ce ya kamata ta tafi kai tsaye daga injiniya zuwa injiniya, a kowace rana ta damina, a aika wa jakada kwafi daga baya.

Haka zancen yake a gobarar daji. Shekarar da damina ta yi kyau, ciyawa ta cika makiyayar Tawa da Dakwaro da Tanut, ita ce shekarar da wuta ta fi ci idan hunturu ya shigo, shi ya sa Nijar ke share dogayen hanyoyi a daji don yanke wa wuta tafiya. Idan makiyaya ta ƙone, garke yakan nufi kudu tun kafin manoman Katsina da Zamfara da Jigawa su gama kwashe amfani. Taswirar wuraren da suka ƙone, idan ta kai hannun hukumomin Nijeriya da sauri, gargaɗi ne na rikicin manoma da makiyaya tun bai auku ba.

Sukar da ta fi nauyi ita ce, ko an yi gargaɗin mutane ba sa tashi. Ana faɗin haka kamar taurin kai ne kawai. Amma manomin fadama da aka ce masa “jihohi kaza za su fuskanci ambaliya a bana” ba a gaya masa komai ba, don ba zai bar shinkafar da ta kusa nuna saboda magana irin wannan ba. Wanda aka ce masa ruwa zai hau ranar Alhamis, zai kai gindin masallacin Juma'a, ga makarantar da za a sauka, ga kwale-kwale a mashiga kaza, shi yakan kwashe hatsi da dabbobi. Gargaɗi mai rana da wuri irin wannan ba ya samuwa sai da alƙaluman da ke hannun maƙwabta, sannan a faɗe shi da Hausa da Fulatanci da Barbarci a rediyo, a kuma sanar da dagatai da sarakunan ruwa, waɗanda su ne masu kwale-kwalen.