Ramin Ajiyar Dankali: Makarantar Yara A Bayan Gida

Karatu: Farawa 41:33-36, Karin Magana 6:6-8

'Yan'uwa cikin Almasihu, duk wanda ya taɓa kai dankali kasuwar Danchadi lokacin kaka ya san yadda farashi yake faɗuwa. Kowa ya haƙe nasa a mako ɗaya, kowa kuma yana tsoron ya ruɓe masa, sai a sayar da arha. Bayan wata biyu, mu da muka noma sai mu koma muna saye da tsada. Yusufu ya ba Fir'auna shawara a ajiye kashi ɗaya cikin biyar na amfanin gona a shekaru bakwai na ƙoshi. Mu ma muna iya ajiye namu a rami, mu kuma koya wa 'ya'yanmu aiki ta wurinsa.

Me ya sa rami?

A ƙasar Sakkwato zafin watan Afrilu yakan wuce digiri 40, amma cikin ƙasa ya fi sarari sanyi. Busasshen yashi kuma yana hana dankali yin yaushi, yana tare ƙwari da ɓera. Idan an kula, dankali yakan yi wata biyu zuwa uku.

Yadda ake yi

1. A zaɓi tudu mai inuwa, inda ruwa ba ya kwanciya, nesa da shadda.
2. A haƙa zurfin kamu biyu, wato kusan mita 1, faɗi ma haka.
3. A shimfiɗa busasshiyar ciyawa a ƙasa da gefe, a zuba yashi mai sanyi.
4. A ware dankalin da fartanya ta sara ko ƙwaro ya huda, a ci shi da wuri. Ta wurin rauni ruɓa take shiga. Kada a wanke na ajiya. A bar shi a inuwa kwana huɗu zuwa bakwai fatarsa ta yi ƙwari.
5. A jera shi kada ɗaya ya taɓa ɗaya, a rufe da yashi, a sake jera wani.
6. A yi wa ramin rumfar zana. A duba bayan kowane mako biyu, a kwashe duka kafin ruwan farko.

Albasa kam ba ta son rami, iska take so, wurinta rudu. Tumatir da gauta kuwa sai tukunya cikin tukunya da jiƙaƙƙen yashi a tsakani, dabarar da Malam Mohammed Bah Abba na Jigawa ya yaɗa, har ya sami lambar yabo ta Rolex a 2000.

Rabon yara

Uba zai iya gama ramin shi kaɗai cikin kwana biyu, amma in ya yi haka ya hana 'ya'yansa darasi. Samari su yi haƙa tare da shi. 'Yan shekara takwas zuwa goma su ɗebo yashi da ciyawa. Ƙanana su zauna da mahaifiyarsu suna ware mai rauni. A ba yaro ɗaya aikin tuna wa gida ranar dubawa, ya rubuta yawan da ya lalace.

Ina tuna yadda mahaifina yakan ba kowannenmu 'yar gayauna, abin da ta bayar kuma namu ne. Da kuɗin gyaɗata na sayi takalmin makaranta na fari. Ku ma ku ware wa yaro kwando ɗaya daga ramin, ranar sayarwa ya riƙe kuɗinsa, ya fitar da zakka da hannunsa. Yaron da ya ci amfanin guminsa ba sai an tashe shi da bulala ba. Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi.

Amma mu kiyaye: kada ƙaramin yaro ya shiga rami, kada a ɗora masa kayan da ya fi ƙarfinsa, kada kuma aikin ya hana shi makaranta.

Tambayoyi domin tattaunawa

1. Nawa kuka sayar da buhu a kaka, nawa yake a bazara?
2. Me tururuwa take koya mana game da aiki ba tare da mai tsaro ba?
3. Wace gwauruwa ce a ikkilisiyarmu matasa za su haƙa wa rami bana?

Addu'a: Ya Ubangiji, ka albarkaci aikin hannuwanmu, ka ba mu haƙurin koya wa 'ya'yanmu. Amin.