Ƙarar da Inji Ke Yi Bayan An Kashe Mota

A ƙauyuka da dama da muke aiki, mota guda ce ke kai mai naƙuda asibiti, ita ce kuma ke ɗauko taki da magani. In ta kwanta a gareji, jama'a ne ke shan wahala. Yawancin motocin nan masu shan gas ne, irin su Hilux, kuma da yawansu suna da turbo. Direbobi kan tambaye mu dalilin da ya sa mota ke ci gaba da ƙara bayan an zare makulli. A wannan darasi za mu koyi rarrabe ƙarar da ba ta da illa da wadda ke neman bakanike.

Mene ne turbo?

Turbo wata 'yar na'ura ce mai farfela biyu a kan sanda guda. Hayaƙin da ke fita daga inji yana juya ɗaya, ɗayar kuma tana cusa iska cikin inji don ya ƙara ƙarfi. Takan juya fiye da sau 100,000 a minti guda, zafin hayaƙin kuma kan wuce digiri 600 a ma'aunin Salsiyas in mota na jan kaya. Baƙin mai ne ke shafa sandan, shi ne kuma ke rage masa zafi. Da zarar an kashe inji, famfon mai ya tsaya.

Ƙarar da ba ta da illa

1. Ƙas-ƙas daga ƙarƙashin mota. Ƙarfe yana buɗewa da zafi, yana tsukewa da sanyi, kamar yadda rufin kwano ke yi da yamma. Salansa ce ke hucewa.

2. Ɗan fito na daƙiƙu kaɗan. Farfelar turbo ce ke rage gudu.

3. Fanka tana juyawa. A motocin da ke da fankar lantarki, takan yi 'yan mintoci tana sanyaya lagireto. Kada mu sa hannu kusa da ita, domin tana iya tashi ko da makulli na aljihu.

4. 'Yar ƙara kamar ta ƙudan zuma. A sababbin motoci masu kwamfuta, wasu bawul suna komawa mazauninsu ne, ko ƙaramin famfo na zagaya da ruwa.

Ƙarar da ke neman bakanike

1. Gurzar ƙarfe da ƙarfe daga wajen turbo. Alama ce sandan ya soma lilo, farfela na taɓa jikin gidanta. Sau da yawa shuɗin hayaƙi da shan baƙin mai na biye da ita.

2. Ƙarar tafasa. Ko inji ya yi zafi fiye da kima, ko murfin lagireto ya lalace, ko iska ta shiga hanyar ruwa. Kada mu buɗe murfin sai inji ya huce sarai, don tururin na ƙona fuska.

3. Jijjiga mai ƙarfi da bugu a daidai lokacin kashewa. A duba robobin da inji ke zaune a kansu.

4. Inji ya ƙi mutuwa, yana ta hawa, hayaƙi na turnuƙewa. Wannan ce mafi haɗari. Baƙin mai ne ya zubo ta turbo ya shiga hanyar iska, inji na ƙona shi a maimakon gas, shi ya sa makulli ba ya kashe shi. A taka birki da kuloci, a sa babbar giya, a saki kuloci. In hakan bai yiwu ba, kowa ya yi nisa da motar. Kada a toshe hanyar iska da tafin hannu.

Rigakafi ya fi magani

Bayan doguwar tafiya, ko hawan tudu, ko ratsa rairayi da kaya, mu bar inji a sulo na minti 1 zuwa 2 kafin mu kashe. In aka kashe shi da zafinsa, man da ya rage a sandan turbo kan ƙone ya daskare, a hankali ya toshe hanyar mai.

Mu daina taka totur da ƙarfi dab da kashewa. Wasu na ganin yana ƙara wa batir caji, amma abin da yake yi shi ne ya bar turbo na gudu ba mai.

Mu canja baƙin mai da filta a kan lokacin da littafin motar ya faɗa, mu riƙa duba filtar iska a lokacin hunturu saboda ƙura. Kada kuma mu ajiye mota mai zafi a kan busasshiyar ciyawa.

Tambayoyi don tattaunawa

Wace ƙara motarmu ke yi kullum, wace ce sabuwa?

Wa direba zai faɗa wa in ya ji baƙuwar ƙara, kuma a wane littafi za a rubuta?

Nawa kwamitinmu ke warewa kowane wata don kula da mota?