Tikitin Dawowa da Ba a Hau Ba: Abin da Umarar Kawuna Ta Koya Mini

A wannan fitowar bari mu ɗan ajiye zancen jarrabawa, mu duba wani abu da ba a koyarwa a aji amma yana cin kuɗin iyayenmu ba tare da sun sani ba, wato tikitin jirgi na zuwa da dawowa wanda aka hau rabinsa, rabi ya yi saura.

Kawuna manomi ne a wani ƙauye tsakanin Bakori da Malumfashi. Da kaka ya kai masara da waken suya Funtua ya sayar, ya haɗa da kuɗin auduga ya biya Umara. Ya tashi daga filin jirgin Malam Aminu Kano zuwa Jidda, da niyyar sai bayan ƙaramar Sallah zai dawo. Ana tsakiyar azumi sai kakarmu ta kwanta ciwo mai tsanani. Jirgin kamfaninsa ba zai tashi ba sai bayan wasu kwanaki, shi kuwa hankalinsa ya riga ya yo gida, sai ya yanki tikitin dawowa a wani kamfanin ya taho. Alhamdu lillahi, tsohuwa ta samu sauƙi.

Da na je hutun Sallah ya miƙo mini takarda ya ce, "Ɗana, kai ne ɗan boko. Kujerata tana nan ban hau ba. Yaron maƙwabcinmu da ke Jidda yana son dawowa, ya ce zai saya rabin kuɗi. Yaya za a yi?" Na ce, "Kawu, a ba ni kwana biyu in bincika." Ga abin da na gano, kuma saura kwana biyar lokacin ranar tafiyar ta cika.

Na farko, tikiti ba ya canza mai shi. Sunan da ke jikinsa dole ya yi daidai da na fasfo, kuma a filin jirgi sai an gwada su kafin a ba mutum katin shiga. Kamfani yakan yarda a gyara harafin da aka yi kuskure, amma ba a cire sunan wani a sa na wani. Tun 2008 kamfanonin da ke cikin IATA, ƙungiyar kamfanonin jiragen sama ta duniya, suka daina tikitin takarda. Ainihin tikitin yana cikin kwamfutar kamfani, takardar hannun Kawu rasit ce kawai. Cinikin yaron maƙwabci ke nan ya mutu.

Na biyu, ba a juya hanya. Abin da ya rage wa Kawu Jidda zuwa Kano ne, ba zai zama Kano zuwa Jidda ba. In yana son cin moriyarsa, sai dai a ɗaga ranar, ya sake yankar tikitin zuwa, sannan ya dawo da tsohon. A bisa ƙa'ida tikiti yana aiki shekara ɗaya daga ranar da aka fara tafiya da shi, amma mai araha sau da yawa wa'adinsa bai kai haka ba, musamman irin wanda ejan ke saye a dunƙule don masu Umara. Ɗaga rana kuma yana da tara, ga cikon kuɗi in farashi ya tashi.

Na uku, kuma shi ne mafi muhimmanci: kada a bari jirgi ya tashi ba a soke kujera ba. In ranar ta wuce mutum bai zo ba kuma bai sanar ba, za a rubuta shi cikin waɗanda ba su bayyana ba. Daga nan tara ta ƙaru, wani tikitin ma ya mutu murus. Kiran waya ɗaya kafin ranar shi ne ke raba mai samun wani abu da mai tashi a tutar babu.

Na huɗu, kada a sa rai da rabin kuɗi. Nan ne lissafin Kawu ya karye, don shi a ganinsa rabin tafiya rabin kuɗi ne. Kamfani ba haka yake yi ba. Yakan ɗauki tafiyar da aka yi ya sa mata farashin zuwa kaɗai, wanda a hanyoyin ƙasashen waje yakan kusa kamo kuɗin zuwa da dawowa, sannan ya cire tara. Abin da ya fi tabbas shi ne harajin gwamnati da kuɗin filin jirgi na ɓangaren da ba a hau ba. Waɗannan kamfani karɓa yake yi a madadin hukuma, don haka ana iya neman su ko da tikitin irin wanda ba a mayar da kuɗinsa ne. Amma sai ka nema, ba wanda zai biyo ka da su Malumfashi.

Na biyar, inda aka saya nan ake komawa. Kawu ta hannun ejan ya biya, don haka ta hannunsa kuɗin zai fito. Abu biyu za a tambaye ka: lambar tikiti mai alƙaluma 13, da lambar bukin mai haruffa da alƙaluma 6. Ka aika buƙatarka a rubuce, ko da ta WhatsApp ne, ka ajiye amsar. In aka yi ta ja maka rai, hukumar kula da sufurin jiragen sama ta ƙasa, NCAA, tana da sashen kare haƙƙin fasinja da ke karɓar ƙorafi.

Akwai kuma tarkon da ya fi shafar mu ɗalibai. A ce ka yanki Kano zuwa Legas, zuwa da dawowa, sai ka makara ko ka samu motar kyauta ka bi ta hanya, kana cewa ai ka hau na dawowa. Yawancin kamfanoni sun shar'anta a bi tikiti bi da bi. Da zarar ka tsallake na farko ba ka sanar ba, kwamfuta tana iya soke na biyun, ka tsinci kanka a Ikeja ba kujera.

Mu dai mun soke kujerar Kawu saura kwana uku. Ya duba ya ga ba shi da halin komawa Umara kafin wa'adin tikitin ya ƙare, ga damina ta ƙarato, sai ya zaɓi a nemo harajin. Bayan makonni kuɗin ya shigo, ejan ya cire ladansa. Bai kai ko kusa da abin da Kawu ya ƙiyasta ba, amma ya ƙara a kuɗin taki, ya ce da babu gara ba daɗi.

Don haka duk wanda wani nasa zai yanki tikiti, ya raka shi, ya yi wa ejan tambaya uku kafin a biya: ana ɗaga rana, kuma nawa ne tarar? In ba a hau na dawowa ba, me za a mayar? Yaushe wa'adin tikitin zai ƙare? A sa ya rubuta amsar. Allah ya ba mu sa'ar jarrabawa, ya kuma ba iyayenmu damina mai albarka.