Ba Kowane Tari Ke Son Allura Ba

'Yata, na lura da fuskarki jiya a ɗakin yara, da likita ya duba ɗan naki ya wuce bai rubuta allurar antibayotik ba. Kin ɗauka riƙon sakainar kashi aka yi muku. Zauna ki ji daga bakin wadda ta daɗe tana aikin nas kafin gwiwa ta ajiye ta.

Abin da ke damun yaron nan bairos ne, galibi wanda ake kira RSV. Yakan shiga ƙananan hanyoyin iska na huhu ya kumbura su, majina ta toshe, shi ya sa kike jin ƙirjinsa na fito kamar usur. Shi kuwa antibayotik, irin su amoksisilin, bakteriya yake kashewa, bairos bai ma san da zamansa ba. In aka ɗura wa jariri shi ba dalili, sai a jawo masa gudawa ko ƙuraje, ƙwayoyin cuta kuma su saba da maganin, ranar da ake nemansa ido rufe ya ƙi ci. Mu ma a zamaninmu mun sha bayarwa don hankalin uwa ya kwanta, Allah Ya yafe mana.

Maganin yana gabanki, ba ki ɗauke shi magani ba ne kawai. Ga robar oksijin a hancinsa, ga ɗan abin nan mai jan haske da aka maƙala masa a yatsan ƙafa yana auna iskar da ke cikin jininsa. Naki aikin shi ne nono, kaɗan-kaɗan amma a kai a kai, bayan an zuƙe masa majina. In ya kasa tsotso, ki tatsa a ba shi ta robar ciyarwa. Ciwon yakan tsananta tsakanin kwana na 3 da na 5 kafin ya fara sauka, tarin kuma ya kai mako 2 ko 3.

Amma ki sa ido. In zazzaɓi ya ƙaru, ko ƙasan haƙarƙarinsa na ƙara lotsawa in ya ja numfashi, ko leɓensa ya canza launi, ki kira nas nan take. Wani lokaci nimoniyar bakteriya kan biyo baya, a nan ne antibayotik ke zama dole, kuma likita zai rubuta.

Don Allah kada ki aiki baban yaron kemis a ɓoye.