A Auna Jinin Mai Jinya Ma

Aikina na nas yana kai ni gidaje a cikin Kano, ina duba tsofaffin da aka sallamo daga asibiti, yawanci masu shanyewar ɓarin jiki da masu ciwon mantuwa. Idan na gama auna jinin mara lafiya, nakan ce wa mai jinya ita ma ta miƙo hannu. Kusan kullum mace ce: 'ya, ko matar ɗa, ko uwargidan da ita kanta girma ya kama ta. Ba a nan kaɗai ba ne, domin Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce kashi 70 cikin 100 na lokacin da ake kashewa wajen kula da masu ciwon mantuwa yana wuyan mata ne.

A wani gida na tarar jinin Hajiya ya sauka yadda ake so, saboda 'yarta ba ta taɓa bari lokacin magani ya wuce ba. Da na ɗaura wa 'yar abin awo, sai ga 170 bisa 100. Ta yi dariya ta ce, "Sista, ni ai lafiyata ƙalau, ƙeyata ce kawai ke sarawa." A gefen tabarmar da take kwana akwai fankon diclofenac da take saya a kyamis saboda ciwon baya, tana haɗiya ko ba ta ci komai ba. Wannan magani, idan aka daɗe a kansa, yana cin ciki, yana taɓa ƙoda, yana kuma ƙara hawan jinin.

Wanda bai yi wannan jinya ba bai san nauyinta ba. Mutumin da ba ya iya juyawa da kansa, mu muke cewa a juya shi duk bayan awa 2, dare da rana, don kada gyambon kwanciya ya fito masa a kwankwaso ko dunduniya. Ga wanka, ga canjin pampas, ga wankin zannuwa. Kunu ma sai an zaunar da shi, ana ba shi cokali-cokali don kada ya sarƙe ya bi hanyar huhu. Muna faɗin haka a bakin gado lokacin sallama, dangi cike da ɗaki kowa na gyaɗa kai. Bayan sati biyu kowa ya koma harkarsa, a bar mutum ɗaya da aikin da a asibiti ma'aikata ke yi karɓa-karɓa.

Jiki kuwa ba ya yafe bashin barci. Mai jinya takan fara da mantuwa da saurin fushi, ta daka wa yaranta tsawa a kan abin da bai kai ya kawo ba. Daga nan abinci ya fita ranta, ta daina zuwa biki da suna, ta shiga banɗaki ta yi kuka ta wanke fuska ta fito. Ranar da ta ɗaga wa mahaifiyarta murya, sai ta kwana tana ganin ta zama 'yar wuta. Idan ta buɗe baki ta ce ta gaji, amsar a shirye take: "Ki yi haƙuri, aljannarki ce." Ladar gaskiya ce, ban musa ba. Sai dai na lura masu saurin faɗin haka ba su cika neman a raba ladar da su ba.

Jinyar mai ciwon mantuwa ta fi cin rai. Tsohuwa za ta ci tuwo ta ƙoshi, baƙi su shigo ta ce tun jiya ba a ba ta komai ba. Za ta ɓoye kuɗinta a ƙarƙashin filo, ta manta, ta ce matar ɗanta ce ta sace. Rikicewar takan tsananta da magariba, shi ya sa wasu ke cewa iska ce ko sammu. Ciwo ne a ƙwaƙwalwa, kuma gardama da ita ba ta gyara komai. A taya ta neman kuɗin, a ɗauke mata hankali da wata hira. Abin takaicin shi ne dangin da ke jin zargin satar nan su ɗauka gaskiya ne, har ta kai ga aure yana rawa.

Abin da nake roƙon iyalai shi ne su zauna tun kafin a bar asibiti, a rubuta wa ke kwana yaushe, wa ke sayen magani da pampas, wa ke kai mara lafiya gashi. Wanda ke Abuja ko Legas ya biya wadda za ta riƙa karɓar dare. 'Ya'ya maza su ma su shigo, musamman wajen ɗagawa: mutum biyu, a ninka zanin gado a ƙarƙashin mara lafiya a ja da shi, a durƙusa da gwiwa maimakon a sunkuya da baya. Masu zuwa dubiya kuma, zaman awa uku ana dafa muku abinci ƙarin aiki ne. Ku zo da kwano, ko ku ce wa mai jinya ta shiga ɗaki ta kwanta, kuna nan.

Ke kuma 'yar'uwa mai jinya, ki nemi barcin da ba a katse ba ko da dare biyu ne a sati, ki faɗi abin da kike so a yi miki da sunansa, kada ki jira a gane. Ki auna jininki duk wata. Idan baƙin ciki da rashin barci suka wuce sati 2, ko kika fara jin gara ki mutu ki huta, ki gaya wa likita. Akwai masu duba wannan a Asibitin Malam Aminu Kano da na Dawanau, kuma ana samun sauƙi. Kada ki sayi maganin barci a kyamis da kanki.