Ɗan ƙwallon kwando da gashin hayaƙi: amsa ga wata uwa daga Sabon Layi

Tambaya: Daga Sabon Layi a Mubi nake rubuto maka. Ina da yaro ɗan shekara 17 da ƙwallon kwando ta shiga ransa, kullum da la'asar yana fili. Tun da ya fara kallon 'yan wasan Amurka a waya ya raina tuwon gidan nan. Wai su nama zalla suke ci da wani garin gwangwani, shi ya sa suka yi tsawo da ƙarfi. Bayan Babbar Sallah ya samo duro ya ce zai yi mana irin gashin hayaƙin da ya gani. Naman ya fito baƙi ƙirin a waje, ciki da jini-jini, ga ɗaci, kuma ƙannensa biyu da suka ci ragowar washegari sun kwana suna zawo. Me mutanen nan suke ci ne? Kuma yaya ake gashin nan ba tare da an cutu ba?

Amsa: Allah ya ƙara wa yaran sauƙi. Idan zawon ya wuce kwana biyu, ko aka ga jini ko zazzaɓi, a kai su asibiti, kafin nan kuma a riƙa ba su ruwan gishiri da sukari.

Zan fara da abin da zai ba yaronki mamaki. Abincin da ya fi shahara a ɗakunan canza kaya na 'yan wasan gasar NBA ta Amurka kafin a fita fili shi ne burodi da aka shafa wa markaɗaɗɗiyar gyaɗa da ɗan zaƙin 'ya'yan itace. Al'adar ta yi ƙarfi ne a ƙungiyar Boston Celtics a kakar 2007 zuwa 2008, zamanin ɗan wasanta Kevin Garnett, shekarar da suka ɗauki kofi, daga nan ta bazu zuwa sauran ƙungiyoyi. Hatsi, gyaɗa da zaƙi ke nan. Ke da kike Adamawa, kin san abin da ya haɗa waɗannan uku: kunun gyaɗa, da shinkafarsa da tsamiyarsa da sukarinsa. Ashe abin da yake hange a waya yana cikin kwanon da kike ajiye masa kowace safiya.

Dalilin ba ɓoyayye ba ne. Ƙwallon kwando wasa ce ta gudu a tsaya, a yi tsalle, a sake zabura. Minti 48 ake yi a NBA, minti 40 a dokar ƙasa da ƙasa da muke bi a nan. Irin wannan zabura, jiki yana yin ta ne da sukarin da ya tara a tsoka da hanta, kuma daga hatsi da doya da dankali yake samun sa. Masana abincin 'yan wasa suna ba mai atisayen awa ɗaya a rana shawarar ya ci giram 5 zuwa 7 na sitaci a kan kowane kilo na nauyinsa. Idan yaronki yana da kilo 70, ana maganar wajen giram 420, wato fiye da rabin kilo na tsabar hatsi a yini. Wanda ya bar tuwo ya koma nama zalla, tun kafin a je hutun rabin lokaci ƙafafunsa za su yi masa nauyi.

Nama yana da nasa aikin, shi ne gyaran tsokar da atisaye ya wahalar. Ma'aunin da aka sani shi ne giram 1.2 zuwa 2 na furotin a kowane kilo, kusan giram 100 ke nan a rana ga mai kilo 70. Mu lissafa da abin da ke kasuwar Mubi. Ƙwai biyu giram 12. Kofi biyu na kindirmo wajen 16. Kofi guda na dafaffen wake 13. Tsokar nama mai faɗin tafin hannu wajen 25. Cikin hannu na gyaɗa 7. Shi kansa hatsin da ya ci yana ƙara masa abin da zai cike gibin. Ga awara, ga kifi banda, ga kilishi. Ban ga inda gwangwanin gari mai tsada zai shigo ba, kuma da yawa daga cikin waɗanda ake sayarwa a shaguna ba su da lambar NAFDAC, ba wanda zai iya rantse miki da abin da ke ciki.

Maganar tsawo kuwa, a gaya masa gaskiya cikin lallashi. Tsawo gado ne. Abinci mai kyau da barci isasshe suna taimaka wa yaro ya kai iyakar da Allah ya ɗiba masa, amma ba sa wuce ta. 'Yan wasa irin su Joel Embiid na Yawunde da Pascal Siakam na Duwala, maƙwabtanmu na Kamaru, da tsawonsu suka je Amurka.

Lokacin cin abincin ma yana da muhimmanci. Tunda da la'asar yake fita, ya ci babban abincinsa awa uku ko huɗu kafin nan, shinkafa da wake ko tuwo da miya marar maiƙo sosai. Saura awa ɗaya, ayaba ko dabino ko kofin kunu ya isa. Idan ya dawo, fura da nono, sannan abincin dare da namansa. Nama mai kitse kafin wasa zama yake yi a ciki. Ga kuma ruwa, musamman a zafin Maris da Afrilu. Ya hau sikeli kafin atisaye da bayansa: kowane kilo da ya ragu kusan lita ɗaya ce ta zufa, sai ya mayar da lita ɗaya da rabi a hankali. Fitsari mai duhu alama ce ta cewa bai sha ya isa ba. Ina roƙonki ki sa ido a kan lemukan ƙara kuzari da ƙwayoyin da wasu samari ke sha wai don kada su gaji. Tiramadol ta halaka yara da yawa a yankinmu, kuma tun Janairun 2024 hukumar yaƙi da shan ƙwayoyi a wasanni ta duniya ta haramta ta a lokacin gasa.

Idan azumi ya zo, ki ba shi labarin Hakeem Olajuwon, haifaffen Legas, wanda ya ɗauki kofi da Houston Rockets a 1994 da 1995. Yana azumi yake buga wasa, kuma a Fabrairun 1995, watan da ya dace da Ramadan, shi aka zaɓa gwarzon wata. Naki yaron dai ya mayar da atisaye mai nauyi zuwa bayan buɗa-baki.

Sai batun duro. Abin da ya gani gashin mutanen kudancin Amurka ne. A jihar Tekzas ƙirjin sa suke gasawa, a wasu jihohin kuma naman alade ne, don haka ya san bidiyon da yake kwaikwayo. Sirrin gashin shi ne nama ba ya ganin harshen wuta ko kaɗan. Zafi ne kaɗan, digiri 105 zuwa 120, da hayaƙi siriri, na tsawon awa goma ko fiye, har jijiyar da ke cikin naman ta narke ta zama romo. Ya bambanta da tsire da balangu da ake yi kusa da garwashi cikin ɗan lokaci. Ya kuma bambanta da bandar da iyayenmu ke yi wa naman layya, domin ita banda busarwa ce don ajiya, shi kuwa wannan nama ne mai laushi da ruwa a jikinsa, yana lalacewa kamar kowane dafaffen abinci. A nan ne aka samu matsalar ƙannensa. Tsakanin digiri 5 da 60 ƙwayoyin cuta ke hayayyafa, kuma ƙa'idar Hukumar Lafiya ta Duniya ita ce kada dafaffen abinci ya wuce awa biyu a ajiye a waje. Naman da cikinsa bai nuna ba, ya kuma kwana a rufe cikin kwano, dole ya yi ɓarna.

Ga yadda zai yi idan zai sake. Ya fara tabbatar da abin da duron ya taɓa ɗauka. Wanda aka zuba maganin feshi, ko fenti, ko man dizal, ba ya shiga harkar abinci ko an wanke shi sau goma. Ya nemi na man gyaɗa ko wani abin ci, ya cinna masa wuta mai ƙarfi babu nama har fentin jikinsa ya ƙone, ya kankare, ya wanke. A huda ƙananan ƙofofi biyu ko uku a ƙasa don iska, ɗaya a murfi don hayaƙi. Ragar da za a ɗora naman kada ta zama mai fenti ko wayar shinge mai farin shafe. A tsakar gida za a yi, inda iska ke kaɗawa. Gawayi a cikin ɗaki ko rufaffen kicin yana fitar da iskar da ba ta da wari, tana kuma kisa.

Wutar ita ce rabin aikin, kuma ina kyautata zaton a nan ɗacin ya samo asali. Kada a hura da leda, ko roba, ko kalanzir. A kunna gawayi a gefe da ƙirare, gawayin ƙirya idan an samu, sai ya yi ja toka ta rufe shi a kwasa a zuba a gefe guda na duron. Naman ya zauna a ɗaya gefen, a sa tsohon kwano da ruwa a ƙarƙashinsa. Kwanon nan yana tare kitsen da ke ɗiga. Kitse idan ya faɗa kan garwashi, baƙin hayaƙin da yake tayarwa yana ɗauke da sinadarai masu haddasa ciwon daji, su ne suke manne wa naman. Don ƙamshi, guntun busasshen itacen mangwaro ko gwaiba ko tsamiya ɗaya ko biyu ya isa a lokaci guda. Ɗanyen ice, da darbejiya, da katakon kafinta duk a bar su. Hayaƙin da ake so shi ne siririn da da ƙyar ake ganinsa. Idan ya yi fari ya turnuƙe, wutar ba ta samun iska, a buɗe mata ƙofa. In babu ma'aunin zafi, ya miƙa tafin hannu daidai inda naman yake: idan ya iya ƙirga goma kafin ya janye, zafin ya yi daidai.

Allah ya hore muku kasuwar shanu da ake loda tireloli zuwa kudu daga cikinta, don haka nama ba zai yi wuya ba. Ku je wurin mahauci da sassafe ku ce ƙirji kuke so, ko haƙarƙari, ko tozo, ko kafaɗar rago. Cinya ba ta da kitse, bushewa take yi. Shanunmu masu yawon kiwo ba su kai na turke kitse ba, saboda haka kada ya fara da ƙaton yanki. Kilo ɗaya da rabi zuwa biyu ya isa koyo, zai ci awa biyar zuwa shida. A shafa gishiri da masoro da citta da tafarnuwa, a bar yajin ƙuli sai an sauke, domin yana ƙonewa. Bayan awa uku, idan bayan naman ya yi ja mai duhu, a naɗe shi da takardar gashi ta alminiyam tare da ɗan romo a mayar. Takardar buhun siminti da jarida ba su dace da abinci ba. Kowane minti 45 a ƙara garwashi kaɗan, kuma a daina yawan ɗaga murfi. Nama yana fita daga haɗari idan cikinsa ya kai digiri 70, kaza 74, amma laushin da yake nema sai wajen 90. Alamarsa ita ce tsinken tsire ya shige ba tare da turjiya ba. A sauke, a bar shi a naɗe rabin awa, sannan a yanka a gicciye da zaren tsokar, da wuƙa da faranti daban da waɗanda suka taɓa ɗanyen.

Wannan abincin ranar hutu ne, ko ga 'yan wasan da yake kallo. A 2015 cibiyar binciken ciwon daji ta Hukumar Lafiya ta Duniya ta sanya naman da aka sarrafa da gishiri ko hayaƙi don ajiya cikin abubuwan da ke jawo ciwon dajin hanji, kuma masana suna ba da shawarar kada jan nama ya wuce rabin kilo dafaffe a mako. Sau ɗaya ko biyu a wata ya wadatar, tare da albasa da tumatir da kabeji, a kuma yanke duk inda ya ƙone a zubar.

Abin da ya rage, in akwai firji mai sanyi a sa shi kafin awa biyu, a cinye cikin kwana uku, a kuma ɗumama shi har ya yi tururi. In wutar lantarki ba tabbas, a daren nan za a yayyanka shi sirara a mayar kan raga ya bushe ƙarau, ko ki daka shi ki soya ya zama dambu, ya riƙa barbaɗawa a kan shinkafarsa idan ya dawo daga fili.